Zanen katako a kan takarda: laifin fentin diram ne ko na alminiyam ɗin da ke ƙarƙashinsa?

MaiCikaTona:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu wannan sana'a. Ina da tambaya, kuma don Allah kada a ce mini "canja diram kawai", domin na canja har sau biyu.

Wata firintar leza ce mai buga baƙi da fari da nake kula da ita. Diram ɗinta na asali, wato bututun da ke ɗaukar hoda ya ɗora ta a takarda, ya cinye, sai na sa sabo wanda ba na kamfanin firintar ba. Tsawo ɗaya, kauri ɗaya, giyar gefe da ke juya shi ta zauna daram. Rubutu yana fita tas. Amma da zarar an buga hoto, ko wani fili mai ruwan toka, sai ka ga wani zane ya bi takardar: layuka masu lanƙwasa, nan ya ɗan yi duhu, can ya ɗan yi haske, sak zanen jikin katakon da aka goge. Na share madubin leza, na canja rolar caji (mai ɗora wa diram cajin lantarki), na canja hodar tona (baƙar hodar da ke zama rubutu a takarda), abu yana nan. Da na mayar da tsohon diram ɗin, duk da ya ƙoshe yana ba da dishi-dishi, zanen katakon ya ɓace ɗungurungum.

A iya sanina diram bututun alminiyam ne da aka shafa wa koren fenti mai jin haske. To idan fentin yana aiki har rubutu na fita, me kuma ya rage da zai bambanta wannan da wancan?

Dan_Lantarki:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, ɗauko rula. Buga shafi ɗaya ruwan toka daga sama har ƙasa, ka nemi wata alama a cikin zanen, ka auna daga inda ta fito zuwa inda ta sake fitowa. Diram mai faɗin milimita 24 yana maimaita abin da ke jikinsa duk bayan kusan milimita 75, mai faɗin 30 kuma duk bayan kusan 94. In tazarar ta fi haka gajarta sosai, to wata rolar ce, ka bar diram ya huta.

MaiCikaTona:
Na auna yanzu. Milimita 94 cif, kuma diram ɗin mai faɗin 30 ne. Zanen yana maimaita kansa sau uku a shafi, lanƙwasa ɗaya, wuri ɗaya.

Uwar_Ofis:
Ikon Allah. Mu ma mun taɓa ganin irin wannan a takardun da ke da hoton ma'aikata. Ni na ɗauka takardar ce ta sha danshi, har na sa aka buɗe sabon ƙunshi. Ina nan ina bibiya.

TsohonBakanike:
Ɗana, hoda ce. Shekaru na yi ina wannan aiki. Kowane diram da hodar da ta dace da shi. In ka haɗa diram mai saurin jin haske da hodar da aka yi wa wani, ruwan toka ba zai taɓa zama daidai ba. Sayi diram da hoda daga hannu ɗaya, ka ga aiki.

InjiniyarSinadarai:
Baba TsohonBakanike, gaskiyarka ce cewa rashin dacewar hoda da diram yana ɓata ruwan toka, amma abin da yake yi shi ne ya sa shafin gaba ɗaya ya yi duhu ko ya kwashe, ko ya bar hazo a gefen da ya kamata ya zama fari. Ba ya zana layuka masu lanƙwasa da ke dawowa duk milimita 94. Abin da Malam MaiCikaTona ya kwatanta sanannen ciwo ne a wajen masu ƙera diram, kuma su ma da zanen katako suke kwatanta shi. Asalinsa daga fuskar alminiyam ɗin ne.

Bari in fara da abin da muke kira fenti, domin hawa-hawa ne. A can ƙasa akwai bututun alminiyam. A kansa akwai shimfiɗar tsare caji. A kanta akwai wata siririyar shimfiɗa da kaurinta bai kai maikiron ɗaya ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ita ce ke jin haske, kuma yawanci launin da muke gani, kore ko shuɗi, daga sinadarin da ke cikinta ne, dangin falosayanin. Sai ta sama, mai kaurin maikiron 20 zuwa 30, wadda roba ce garai-garai irin polikabonet, aikinta ta kai caji zuwa saman diram. Don a gane ƙanƙantar abin, gashin kan mutum ɗaya yakan kai maikiron 50 zuwa 100.

Hasken lezar yawancin firintoci tsawon zangon igiyarsa nanomita 780 ne (nanomita kashi ɗaya ce cikin dubu na maikiron), kuma duk igiyoyinsa tafiya ɗaya suke yi, taku ɗaya. Idan ya shiga diram, siririyar shimfiɗar nan ba ta shanye shi duka ba. Saura ya wuce ya daki alminiyam. In alminiyam ɗin sumul yake kamar madubi, sai hasken ya dawo a miƙe, ya kai saman robar, wani ɓangare ya sake juyowa ƙasa, ya haɗu da hasken da ke shigowa. Inda takunsu ya zo ɗaya sai su ƙarfafa juna, inda ya saɓa sai su rage wa juna ƙarfi. Abin da ke yanke wannan hukunci shi ne kaurin robar a daidai wurin. Bambancin kusan rubu'in maikiron ya isa a zagaya daga ƙarfi zuwa rauni a dawo ƙarfi. Wato kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin shimfiɗar. Ana tsoma bututun ne a ruwan sinadari a zaro shi a hankali, kuma ba mai iya tsomawa ya samu kauri ɗaya tak har zuwa wannan matakin.

Saboda haka zanen da kake gani a takarda taswirar kaurin robar ce. Irin launukan da ake gani idan ɗigon mai ya bazu a kan ruwa, abu ɗaya ne ke faruwa, sai dai leza launi ɗaya gare ta, shi ya sa ka ga duhu da haske kawai. Rubutu bai nuna ba domin baƙi ƙirin ne, an riga an ba shi haske fiye da bukata. Ruwan toka kuwa ƙananan ɗigo ne, ɗan ƙari ko ragin haske kaɗan yana canja girmansu.

Sabon_Shiga:
Anti Injiniya, yanzu kina nufin santsi ya zama aibi? Ni na ɗauka duk diram ɗin da ya fi ƙyalli shi ya fi kyau. Har nakan ɗaga su in duba wanda ya fi sheƙi.

InjiniyarSinadarai:
Sheƙin da kake gani daga waje na robar sama ne, wannan dole ya zama sumul don biled, wato robar da ke kankare saman diram, ya share hoda. Maganata a kan fuskar ƙarfen da ke ƙasa ce. Ita ana so ta warwatsa haske ta ko'ina, kada ta mayar da shi a miƙe.

Hanyoyin da ake bi suna da yawa. Akwai masu fesa wa bututun ruwa mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gogewa da ƙarfin iska har fuskar ta dushe. Akwai masu goge shi da dutsen niƙa a inji. Akwai masu sassaƙe shi da bakin daimon, su saita injin ya bar wani ɗan kaushi da gangan. Akwai masu anodayizin, wato su ƙara wa ƙarfen fatar oksayid da wutar lantarki a cikin ruwan asid. Wasu kuma sukan bar ƙarfen da santsinsa, su zuba farin garin taitaniyam oksayid a shimfiɗar tsare caji, ita ta warwatsa hasken. Sau da yawa ana haɗa biyu.

Wahalar tana wajen auna gwargwado. Kaushin da ake nema bai wuce ɓangaren maikiron zuwa maikiron ɗaya ko biyu ba. In ya yi kaɗan, zanen katako. In ya yi yawa, tsinin ƙarfe zai taso ya huda siraran shimfiɗun da ke kansa, caji ya riƙa zubewa ta nan. Gaba kura, baya sayaki. Kamfanin da ke son rage kuɗin ƙira a nan yake samun wurin yin ƙwauro, don ba a ganin wurin da ido bayan an rufe shi.

MaiWankanAlminiyam:
Da aka ambaci anodayizin dole in sa baki, don aikina ke nan, ko da yake mu sassan injuna da firam muke yi wa, ba diram ba. Hanyar dai ɗaya ce.

Alminiyam da kansa yana yin wata fatar oksayid da zarar iska ta taɓa shi, amma siririya ce ƙwarai, 'yan nanomita kaɗan. Mu muna ƙara mata kauri ne da wuta. Da farko a wanke maiƙo, a ɗauraye. Sai a rataya kayan a cikin kwamin asid ɗin salfa mai ƙarfin kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, a riƙe sanyin ruwan wajen digiri 20, a haɗa kayan da ɓangaren fositif, a ba shi bolt goma sha wani abu. Kana tsaye za ka ga ƙananan kumfa suna tashi daga farantin negetif, kayan kuma ƙyallinsu na mutuwa a hankali har su koma fari-fari mai duhu. Fatar da ke fitowa daga jikin ƙarfen take tsirowa, ba shafa ta aka yi ba, shi ya sa ba ta ɓarewa. Mintuna ashirin zuwa talatin suna ba da 'yan maikiron.

Abin da mutane ba su sani ba, fatar nan cike take da ramuka ƙanana kamar saƙar zuma, sai can ƙasan ramukan ne akwai wata siririyar katanga marar huda. Dole a toshe ramukan, ko da ruwa mai tsabta da ya kusa tafasa, ko da ruwan nikel asitet. In aka yi gaggawa a nan, ko ɗauraya ba ta yi ba, ragowar asid da gishiri suna maƙalewa a ramukan. A firam ɗin taga abin da zai biyo baya tabo ne kawai. A diram kuwa ina jin sai ya fito a takarda.

Wani abu kuma: alminiyam yana buɗewa da zafi fiye da fatar nan sau da yawa. In aka gasa shi da zafi mai yawa fatar takan tsattsage, tsagar da sai ka karkata shi a haske kafin ka gani.

InjiniyarSinadarai:
Allah ya saka da alheri Malam MaiWankanAlminiyam, ka zo da abin da ban taɓa gani da idona ba. Maganar tsagewa ma tana da muhimmanci, domin bayan an tsoma diram a ruwan sinadari ana busar da shi a tanda mai zafin da ya kai digiri 100 ko fiye. Fatar da ba a yi ta da kyau ba a nan take fara lalacewa tun kafin ta bar masana'anta.

Uwar_Ofis:
To ni ga tawa tambayar, tunda masana sun hallara. Akwai lokacin da in iska ta yi danshi sosai sai mu ga ƙananan ɗigo baƙaƙe sun watsu a farin takarda kamar an barbaɗa. In wuri ya bushe sai su ragu. Shi ma daga ƙarfen ne?

InjiniyarSinadarai:
Hajiya, yana iya zama hoda ce ta sha danshi, yana iya zama rolar caji. Amma in ɗigon suna dawowa wuri ɗaya duk zagayen diram, to aiki na biyu na gyaran fuskar ƙarfen ne ya gaza.

Rolar caji tana ɗora wa saman diram cajin negetif, wajen bolt 500 zuwa 700. Shi kuma alminiyam an haɗa shi da at, wato hanyar da wuta ke bi ta sauka ƙasa. Ki duba, wannan duka a tsakanin kaurin da bai kai gashi ba. Cajin fositif da ke cikin ƙarfen yana neman hanyar da zai haura sama ya kashe na negetif ɗin. Shimfiɗar tsare caji, ko fatar anodayizin, ita ce mai gadin ƙofar: ta hana shi haurowa cikin duhu, amma ta bar ilektron su sauka cikin ƙarfe idan leza ta haska. Duk inda mai gadin ya yi rauni, saboda tsinin ƙarfe, ko ɗigon maiƙon da ba a wanke ba, ko wani ɗan ƙwayar baƙin ƙarfe da silikon da ke cikin alminiyam ɗin, cajin wurin zai zube ba tare da haske ba. Firinta kuwa tana ɗora hoda ne a inda caji ya zube. Sai ki ga ɗigo.

Danshi yana shigowa ne domin wasu shimfiɗun da nailan ake yin su, shi kuma yana shan ruwan iska. In ya sha, caji na ratsa shi cikin sauƙi, ɗigo su yawaita. In iska ta bushe ƙayau kuma sai ya toshe fiye da kima, caji ya kasa sauka duka, bugu ya kwashe, wani lokaci har inuwar abin da aka buga a saman shafi ta sake fitowa a ƙasa. Diram mai kyau shi ne wanda bugunsa na ranar danshi da na ranar bushewa ba su da wani bambanci.

TsohonMaiKwafi:
Wannan bayani ya tuna mini da injinan kwafi na da, waɗanda fitila ke haska takarda madubi ya kai hoton kan diram. A cikinsu hoda tana zama ne a inda caji ya rage, don haka in diram ya huje, farin ɗigo kake gani a cikin baƙi. Da firintocin leza suka zo sai abin ya juye, huda ta koma ba da baƙin ɗigo a cikin fari, wanda ya fi tsole ido nesa ba kusa ba. Kuma zanen katakon nan ba mu san shi ba a wancan zamani, don hasken fitila gauraye yake.

Ga masu son tarihi, Chester Carlson ne ya fara fitar da hoto ta wannan hanya ranar 22 ga Oktoba 1938 a Astoria da ke New York, a kan farantin zinki da ya shafa wa farar wuta. Injin Xerox 914 da ya fito a 1959 diram ɗin seleniyam gare shi. Wanda ya taɓa riƙe diram ɗin seleniyam ya san shi, sheƙi kamar madubi, nauyi, kuma ba a yarda yatsa ya kusance shi. Firintar leza kuwa Gary Starkweather ne ya ƙirƙiro ta a Xerox, sai a 1984 HP ta fito da LaserJet ta farko da injin Canon a cikinta, inda diram da hoda ke cikin katirij ɗaya.

Sabon_Shiga:
To tunda kaushi ake nema, me zai hana mutum ya kankare tsohon diram, ya bi shi da samfefa mai laushi, a sake shafa masa maganin? Na ga ana tallar wani ruwa da ake shafa wa diram ya dawo sabo.

MaiWankanAlminiyam:
Ƙanena, samfefa tana yin ƙarci ne dogaye masu zurfi, gefensu da tsini. Ƙwayar samfefar da muke kira mai laushi ma ta fi kaurin shimfiɗar da ke jin haske sau da yawa. Sannan tana barin ƙura a cikin ƙarcin. A wurinmu, in mutum ya taɓa kayan da aka wanke da hannu ba safa, sawun yatsansa yana fitowa ɓaro-ɓaro bayan anodayizin, sai an sake aikin daga farko. Ina ga diram.

InjiniyarSinadarai:
Ruwan da ake tallar nan saman robar kawai yake rufewa, ya cike ƙananan ƙarci ya ƙara santsi na ɗan lokaci. Ba ya kaiwa ga ƙarfe. Maganar wanki da Malam ya kawo ma babban babi ne a masana'antar diram. Bututun yana fitowa daga injin ja da sassaƙa jiƙe da mai. A da da sinadarai masu kulorin ake wanke shi, sai Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina amfani da irin waɗanda ke cinye lemar ozon, masana'antu suka koma wanki da ruwa da sabulu na musamman da girgizar sauti. Ruwa kuma in bai da tsabta yana barin tabo, in ya yi zafi ya daɗe yana canja fuskar alminiyam. Sannan tsomawar a ɗaki marar ƙura ake yin ta. Ba aikin kan teburi ba ne.

Mai_Shagon_Bugu:
Ku gafarce ni in ɗan kauce. Da me ya kamata a goge diram in yatsa ya taɓa shi? Wani ya ce sifirit, wani ya ce kada a kuskura.

TsohonBakanike:
Ƙyalle mai laushi marar gashi, busasshe. In abin ya ƙi, ɗan ɗigon aisofurofil a jikin ƙyallen, shafa ɗaya, ka bari ya bushe sarai kafin ka mayar. Tina ta sirka fenti da sinadarin asiton kuwa kada su kusance shi, suna cin robar. Kuma kada a bar sawun yatsa ya kwana, maiƙon hannu yana sa robar ta yi ƙananan tsaga. Sannan a rufe shi da takarda in an cire, haske yana gajiyar da shi. Na sha ganin yara sun ajiye diram a bakin taga suna cika hoda, an mayar sai ga baƙin faci a gefen da ya kalli rana.

Dan_Lantarki:
Bari in ƙara wani abu da ya haɗa maganar anodayizin da aikinmu na yau da kullum. Fatar nan ba ta wuce wuta. Kuma in an tsoma bututu a kwami, ciki ma yana samun rabonsa, musamman kusa da baki. Shi ya sa in ka cire giyar gefen diram za ka ga wani ɗan farantin ƙarfe mai farata biyu ko uku. Faratan nan an yi su ne su karce cikin bututun har su kai ga tsurar ƙarfe, ta nan at yake shiga. Na taɓa samun katirij da aka sauya wa giya, faratan suka lanƙwashe ba su ciji ƙarfen ba. Bugu ya riƙa fita fari-fari, wani lokaci ya zo wani lokaci ya ɗauke. An canja hoda, an canja leza, ashe at ne babu. Mitar gwada wuta ce ta nuna: tsakanin sandar at da tsurar ƙarfen diram ya kamata ta yi ƙara.

Haka kuma in diram ya huje har ƙarfe ya bayyana, duk lokacin da hudar ta zo ƙarƙashin rolar caji sai wutar rolar ta zube ta nan, layin gaba ɗaya ya rasa caji. Shi ne baƙin layin nan da ke ratsa takarda daga gefe zuwa gefe, da ɗigo a tsakiyarsa.

Mai_Shagon_Bugu:
Na gode Baba TsohonBakanike. Wata tambayar: ina da firinta mai amfani da jerin fitilun LED maimakon leza, irin na OKI. Ban taɓa ganin zanen katakon nan a cikinta ba. Sa'a ce?

InjiniyarSinadarai:
Ba sa'a ba ce. Hasken LED bai da taku ɗaya irin na leza, zangonsa a ɗan baje yake, kafin ya je ƙasan robar ya dawo takun ya riga ya rikice, don haka matsalar tana raguwa sosai. Amma ɗigo da zubewar caji suna nan, gyaran fuskar ƙarfe bai zama banza ba a can.

TsohonMaiKwafi:
Akwai kuma diram ɗin silikon da Kyocera ta yi suna da shi a manyan injinanta. Shi ba roba ba ne, silikon ne ake ɗora wa bututun daga iskar gas a cikin tukunya marar iska, yana da tauri ƙwarai, yana buga shafuka dubu ɗaruruwa. A irinsa ƙura ɗaya ko tsini ɗaya a fuskar alminiyam yana zama tushen ƙullutu, silikon ya taru a kansa ya girma. Don haka kowane irin diram da irin fuskar da yake bukata.

TsohonBakanike:
Na karanta duka, kuma na ƙaru, Injiniya Allah ya ƙara basira. Na janye maganar hoda a kan wannan zanen. Amma ina jan kunnen yara masu koyo: kada gobe duk wanda ya ga layi a takarda ya ce fuskar alminiyam ce. Mafi yawan abin da ke zuwa hannunmu biled ne ya cinye, ko rolar caji ta yi datti, ko hoda ta dunƙule. Kuma na yi amfani da diram da ba na kamfani ba masu yawa da suka yi aiki lafiya lau. A fara da abin da ke kusa.

MaiCikaTona:
Na dawo da rahoto. Tunda diram na farko da na saya ba zan iya mayar da shi ba, kuma tsohon ya riga ya mutu, na sadaukar da su biyun. Na fita waje inda iska ke kaɗawa, na sa safar hannu, na jiƙa ƙyalle da asiton na goge faci ɗaya a jikin kowanne.

Tsohon na asali: da launin ya tafi sai ga fuska fari-fari mai duhu, ba ƙyalli ko kaɗan, in ka haska tocila hasken bazuwa yake yi. Na ɗora bakunan mitar gwada wuta guda biyu a kai, shiru. Sai da na danna na karce sannan ta yi ƙara. Sabon kuwa, ina gogewa sai ga ƙarfe yana walƙiya har ina ganin inuwar yatsana, da wasu siraran layuka masu bin tsawon bututun. Mita na taɓawa ta yi ƙara.

Ina ganin an kama ɓarawon.

InjiniyarSinadarai:
Madalla da wannan gwaji. Tsohon na asali ya yi kama da wanda aka yi wa anodayizin, sabon kuma bututu ne da aka ja aka bar shi yadda ya fito, layukan nan sawun ja ne. Amma kada mu yi saurin yanke hukunci a kan ƙyalli kaɗai. Akwai diram masu kyau da ƙarfensu ke sheƙi, farar shimfiɗar ƙasa ce ke warwatsa musu haske. Lokacin da kake gogewa, ka ga wani fari kamar alli tsakanin launin da ƙarfen?

MaiCikaTona:
Ban ga fari ba ko kaɗan. Daga kore sai ƙarfe. Sai dai akwai wani ɗan yauƙi garai-garai da ya rage, wanda bai fita ba sai da na bi shi da sifirit.

InjiniyarSinadarai:
To wannan yauƙin mai yiwuwa shi ne shimfiɗar tsare cajin, irin nailan ɗin da ke narkewa a sifirit, ba gari a cikinta. Tana tsare caji amma haske na ratsa ta ya daki madubi ya dawo. Ya dace da abin da ka gani a takarda.

Sabon_Shiga:
To yaya mutum zai gane kafin ya saya? Ba za a bari ka goge da asiton ba ai.

Dan_Lantarki:
Duba bakin diram ɗin, kusa da giya. Yawanci akwai 'yan milimita da ba a shafa wa komai ba. Nan za ka ga ko ƙarfen a dushe yake ko yana walƙiya, wani lokaci har ka ga gefen farar shimfiɗar ta leƙo ƙarƙashin launin.

MaiWankanAlminiyam:
Bakin yana taimakawa amma ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Wajen da aka riƙe bututu da maƙala ko aka goge bayan tsomawa yana iya bambanta da tsakiya. Kuma ido ba zai gaya maka ko an toshe ramukan fatar da kyau ba.

TsohonBakanike:
Shafin ruwan toka shi ne alƙali. Ni kowane sabon diram sai na buga shi kafin in miƙa wa mai kaya, in ajiye takardar da kwanan wata, in sake bugawa ranar da iska ta yi danshi in haɗa su.

Uwar_Ofis:
Baba, ruwan tokan wane iri? Mai duhu ko mai haske? Ina so in gwada tamu gobe, in ga ko ɗigon nan suna dawowa wuri ɗaya.

TsohonBakanike:
Hajiya, don ɗigo farin shafi za ki buga, wanda ba komai a kai sai harafi ɗaya a kusurwa. Don zanen katako kuma toka mai matsakaicin haske, kamar kashi 30 cikin ɗari, ki kashe tsarin tsimin hoda.

MaiCikaTona:
Diram na biyu da na saya yana cikin firintar har yanzu, shi zanensa bai kai na farko fitowa ba amma yana nan. Na leƙa bakinsa, a dushe yake, ba ya walƙiya. Injiniya, ke nan an yi masa kaushin amma bai isa ba, ko kuwa akwai wani abin da ban duba ba? Zan ɗauki hoton shafin tokan da rula a gefensa in ɗora nan da safe.